Bashin Ofisa

Ranar da aka ajiye makararsa a ƙofar gida, kafin liman ya ta da kabbara, yayansa ya juyo ya fuskanci jama'a ya yi sanarwar da aka saba yi: duk wanda ya san yana bin marigayi bashi, ko marigayi yana binsa, ya same shi bayan an dawo daga maƙabarta. Ina sahu na biyu. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, don na san a cikin taron nan akwai mutum ɗaya da marigayi yake bi bashi, kuma ba irin wanda ake ƙirgawa a miƙa wa magada ba ne.

Ba zan faɗi sunansa ba, iyalinsa ba masu son a yi ta yamaɗiɗi da su ba ne. A unguwa Ofisa muke ce masa, manya da yara. Ɗan kwana-kwana ne, kuma a bakin aikinsa ya rasu.

Ni tela ne. A Fagge na koyi ɗinki tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ina ɗaura maɓalli ana aike na sayo zare a Kantin Kwari, har Allah ya sa na kama shagona a wani jeri mai shaguna takwas. Kekuna uku gare ni da na aikin wuya ɗaya, da yara biyu masu koyo. Ban yi kuɗi ba, amma asirina a rufe yake.

Babu Bakanon da zai manta da 2016. A watan Fabrairu kasuwar Singa ta ci wuta. Ba a gama jaje ba, a watan Maris kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Abubakar Rimi, ta kama cikin dare, shaguna dubbai suka tafi. Mu da muke Fagge a kan idonmu hayaƙin ya wuni yana tashi. Mun je mun yi wa mutane jaje, mun ce Allah ya mayar da alheri, muka dawo kan kekunanmu kamar mu an ba mu takardar tsira. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ko yawu ban shafa ba.

Ƙarshen shekarar nan, hunturu ya shigo, lokacin bukukuwa, shagona cike da kayan mutane har rufi. Wata magariba ina tsakiyar gugar wata babbar riga aka ɗauke wuta. Na kifa dutsen gugar a kan bargon da ke kan teburi, na ce in an kawo sai in ƙarasa. Ba a kawo ba har muka tashi. Na kulle shago na tafi gida, ban zare shi daga jikin bango ba. Na tuna da shi ina kwance, na ce a raina ai ba lallai su kawo ba yau.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare maigadi ya kira ni. Da singileti na isa. Wutar ta riga ta cinye nawa ta haura silin ta shiga na maƙwabta, iskar hunturu na kaɗa ta kamar ana hura mata zuga-zugi. Mutane na watsa ruwa da bokitai, 'yan garuwa sun juye jarkokinsu kaf, amma kamar ana zuba mata mai. Can sai ga jiniya. A lissafina na wannan daren motar ta yi shekara kafin ta zo. Suka ja mesa suka fara feshi, ba a jima ba ruwan ya yi rauni ya tsaya, direba ya fara ja da baya. Sai wani ya ɗaga murya: "Sun zo ba ruwa!"

Ban san wanda ya fara jifa ba. Na dai san na sunkuya na ɗauki ɓarin bulo, na auna wajen da suke naɗe mesa, na sake shi da duk ƙarfina. A hasken wutar na ga ɗaya daga cikinsu, wanda ya tura hular kwanonsa baya, ya dafe fuska ya durƙusa. Abokansa suka ja shi cikin mota suka tafi ana bin su da duwatsu.

Kuma suka dawo. Wannan ne abin da na daɗe ban iya haɗiyewa ba. Bayan kamar rabin sa'a sai ga su da tanki cike, suka ratsa cikin mutanen da suka jefe su, suka tsaya har aka kira asalatu. Shaguna uku na ƙarshen jerin saboda su suka tsira. Biyar sun ƙone ƙurmus, ukun da suka tsira kuma ruwa da hayaƙi sun ɓata kayan ciki.

Da gari ya waye kowa na cewa wutar lantarki ce. Ni ma na bi su da "wutar lantarki ce", tunda ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Ko matata ban gaya wa zancen dutsen guga ba.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja shi ba. Kayan amana ne suka ƙone: shaddoji, atamfofi, lesuka, har da na lefen wata yarinya da ya rage kwana tara a ɗaura mata aure. Wasu sun yafe, wasu sun ce a biya, kuma da gaskiyarsu. Na sayar da filina, matata ta sayar da 'yan kunnenta, muka bar Fagge muka koma haya a Kurna. Wani aminin mahaifina ya ba ni tsohuwar Butterfly, na kafa ta a barandar gidan da muke haya, na koma faci da rage tsawon wando kamar yaron da ya fara koyo jiya.

A barandar nan ya same ni. Wata safiya wani dogon mutum baƙi ya fito daga gidan da ke kallon namu, riƙe da wandon kaki da gwiwarsa ta yage. Ya yi sallama ya ce, "Tela, an ce kai ne sabon maƙwabcinmu. Ga wandon aiki, ka taimaka kafin azahar." Na ɗaga kai in amsa, sai idona ya sauka a kan wani tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu. Na tambaye shi aikin me yake. Ya ce kwana-kwana.

Allurar da ke hannuna sai da ta soke ni. Na yi facin hannuna na rawa. Da ya dawo na ce ya bar kuɗin, ya ce, "A'a Tela, ba a haka. Kai ma da shi za ka yi cefane." Ya tura kuɗin ƙarƙashin keke ya tafi. Haka muka yi ta yi shekara biyar, ina ƙin karɓa yana turawa ƙarƙashin keke, har ya zama wasa tsakaninmu. Shi a ganinsa kirki ne ya yi mini yawa.

Kar in mayar da shi waliyyi, ba zai so ba. Mutum ne mai saurin fushi, mai kafiya, in ya ce eh ko za a kwana ana musu ba zai ce a'a ba. A kan Kano Pillars kuwa har gaba yana iya yi da mutum ta kwana biyu. Tun da suka ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, bai ƙara yarda akwai wata ƙungiya a duniya ba. In ba ya bakin aiki kuma ana wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, to kar ka neme shi a gida. Ya dawo murya a dishe yana "Sai Masu Gida", ko an ci su.

Matan unguwa kuma sun sha jin haushinsa. Da sanyi ya fara shigowa zai bi gida-gida yana sallama a zaure, yana aika yara su gaya wa iyayensu mata kar a kwana da kaskon garwashi a ɗaki, kar a jona hita a bokiti a tafi hira, kar a kunna maganin sauro kusa da labule. Akwai mai sayar da fetur a galan da ke ajiye jarkoki a zauren gidansa, inda almajirai ke kwana. Ofisa ya yi masa magana sau uku, na huɗu ya kai shi gaban mai unguwa. Mutumin ya shekara ba ya amsa masa sallama. Ofisa ne kuma ya sa aka rubuta lambar ofishinsu da fenti a bangon masallacinmu, ya ce in wuta ta tashi a fara kira kafin a fara neman bokiti. Yakan ce ba shi ya ƙirƙiro ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka ba shi labarin wani gida da ya ƙone da dare a Madina, cewa ya yi wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta.

Bayan isha'i muna zama a bencin mai shayi. A nan na san aikinsu. Da ina zaton kwana-kwana na nufin mutanen da ke kwance a ofis suna jiran jiniya, ashe sunan daga rashin barcin ya fi dacewa da su. Ya ce mini, "Tela, ana ce mana masu kashe gobara, amma sau da yawa daga ruwa muke ciro mutane." Da damina ta sauka kududdufan garin nan, waɗanda kakanni suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, sai su cika, yara su tafi wanka, a kira su. Ga rijiyoyi. Ya ce babu abin da ke ƙona masa rai kamar tsohuwar rijiya: guga ya faɗa, yaro ya shiga ɗaukowa bai fito ba, yayansa ya bi shi, uba ya bi su, duk a rasa su, saboda iskar da ke ƙasan ba ta numfashi ba ce, kuma ido ba ya ganinta. Ga haɗarin mota da sai an yanka ƙarfe kafin a fito da mutum. Har akuya sun sha cirowa, mai ita na tsaye yana ba su umarni.

Shi ya koya mini cewa wutar mai da ta fetur ba a zuba musu ruwa, tashi suke su bi ruwan; yashi ake nema ko jiƙaƙƙen bargo a rufe. In ta lantarki ce, a fara kashe layin gidan gaba ɗaya kafin a taɓa ruwa. Ya ce yawancin waɗanda ya fito da gawarsu ba harshen wuta ne ya kashe su ba, hayaƙi ne, musamman na katifa da roba, shaƙa kaɗan mutum ya faɗi. Hayaƙi sama yake bi, don haka mai son fita ya rarrafa. Abin da ya fi tsana kuwa shi ne bagilar da muke narka wa tagogi saboda ɓarayi. "Kun hana ɓarawo shiga," in ji shi, "kun kuma hana kanku fita. A bar ko taga ɗaya mai buɗewa da kwaɗo, a rataye makullin kusa."

Wata rana wani matashi a wajen mai shayi ya ce masa, cikin raha amma da gaske yake, "Ofisa, ku fa ba kwa zuwa sai an gama ƙonewa, kuma ku zo ba ruwa." Na ji kamar da bakina aka yi maganar. Ofisa ya ajiye kofinsa. Ya ce mu ne na ƙarshe da ake kira: sai an gwada bokiti, an gwada yashi, wasu sun gama ɗauka a waya, sannan wani ya tuna da mu. Mun fito, mai Adaidaita Sahu na jin jiniya yana tsaye yana cinikin fasinja. Mun iso, an kafa rumfar biki a tsakiyar layi, ko an ciyo hanya da shago, ko lungu ne irin na cikin gari da ko kurar ruwa da ƙyar take wucewa. Ga 'yan kallo. Tankin motar kuma ba madatsar ruwan Tiga ba ne, in aka buɗe mesa sosai cikin 'yan mintuna ya ƙare, sai an koma an ɗebo. "Ba zuwa muke ba ruwa ba, ɗana. Ƙarewa yake."

Da mutane suka watse na ce, "Ofisa, in an jefe ku ba kwa jin haushi?" Ya yi dariya ya shafa girarsa, ko da gangan ko sabo ne ban sani ba. Ya ce, "Gilashin motar nake ji. In ya fashe sai ta yi kwanaki ba ta fita, gobarar gobe kuma ba ta san an fasa gilashi ba."

Ga ƙofa a buɗe, daga ni sai shi sai mai shayi yana wanke kofuna. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na ce, "Allah ya kyauta." Ya ce amin, muka tashi.

Na sha ɗaura niyya bayan nan. Na ce sai azumi, lokacin da zukata ke laushi. Azumi ya zo na ce sai ranar idi, da ake yafe wa juna. Ranar idi muka yi musabaha na ce "a yafe mu" irin wadda kowa ke cewa, ya ce "Allah ya yafe mana baki ɗaya", na lallashi kaina da cewa ai ta wadatar. Na san ba ta wadatar ba. Tsorona ba fushinsa ba ne. Tsorona ya daina turo kuɗi ƙarƙashin keke yana dariya.

Yammacin ƙarshe da na gan shi, ya zo gwada wani kaftani da na ɗinka masa na ɗaurin auren ƙanwar matarsa, ruwan toka. Ya sa, ya miƙa hannuwa ya ce, "Tela, hannun ya yi tsawo, ko so kake in share majina da shi?" Na sa alli na yi alama, na ce ya zo gobe da hantsi. Ya ce aikin dare gare shi, in ya sauka zai biyo. Hazo ya rufe gari ranar, ko fitilun titin Katsina da ƙyar ake hangowa.

Ina alwalar asuba na ji kuka daga gidansa.

Yadda abin ya faru daga bakin direban motarsu na ji, a zaman makoki. Gidan bene ne a wani lungu a cikin gari, ƙasa sito ne na katifu da kayan roba, sama iyali. Motar ba ta iya shiga ba, a bakin lungu suka tsaya suka yi ta haɗa mesa da mesa. Matakalar benen guda ɗaya ce kuma ta cikin siton ta bi, ta zama bututun hayaƙi. Tagogin sama duk bagila. Suka kafa tsani, Ofisa ya hau da guduma da gatari ya yi ta dukan ƙarfen har ya ɓalle gefe ɗaya, ya kutsa. Ya miƙo yara biyu, ya miƙo uwarsu. Tana kan tsani tana ihu cewa surukarta na ƙuryar ɗaki, ba ta iya tafiya. Direban ya ce sun kira shi, sun ce ya fito a sake shiri, rufin ya fara ƙara. Ya san halinsa, ya san ba zai fito ba. Ofisa ya koma ciki. Sai ga shi ya jawo tsohuwar a kan bargo har bakin taga, na kan tsani ya karɓe ta. Yana juyawa silin da katakon rufin suka rufto. Kafin su kai gare shi ya shaƙi abin da ya shaƙa. Da sauran numfashinsa aka sa shi a mota, kafin a shiga ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Da aka kawo shi gida yayansa ya aiko a kira ni, aka miƙo mini alawayyo. A unguwarmu ni nake haɗa likkafani, na yi wa mutane da yawa, ba na karɓar ko sisi. Na namiji guda biyar ne a yadda malamanmu suka koyar: riga, rawani, zane, da mayafai biyu. Aka ce a kawo igiya a auno tsawonsa. Na ce a bari, ina da shi. Awonsa na cikin littafina, na jiya-jiya, kuma ko babu littafi na haddace. Ina yanka farin ƙyallen, kaftanin ruwan tokan na rataye a ƙusa a gabana da alamar alli a hannunsa. Ban taɓa kuka a kan likkafani ba sai ranar, har yarona ya karɓi almakashin.

An yi masa wanka, an yi masa salla. Liman ya yi bayani a taƙaice, saboda wasu sun fara tambaya. Ya ce hadisi ya lissafa wanda gobara ta kashe da wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai, amma shahadarsu ta lahira ce, a nan duniya ana yi musu wanka da sutura da salla kamar kowa. Abokan aikinsa sun zo cikin kakinsu, wasu ko gida ba su je ba, baƙin hayaƙi na wuyansu. Su suka fara ɗaukar makarar. Motarsu ta biyo mu a baya a hankali har maƙabarta, ba jiniya. Mai fetur ɗin nan da ya shekara ba ya amsa sallamarsa, na gan shi cikin kabari yana karɓar itace.

A zaman makoki na ji wata magana da har yau take ci mini rai. Wani ya rage murya ya ce wa na kusa da shi, magidanci mai 'ya'ya huɗu ya tafi a kan tsohuwar da ta haura tamanin, ai da ya haƙura bayan ya fito da yaran. Ban tanka ba, wurin ba na musu ba ne. Amma na san Ofisa. Mutumin da ke shiga rijiya saboda akuyar talaka ba zai tsaya a bakin taga yana lissafin shekarun wadda ke ciki ba. Kuma wanda ya yi maganar, da mahaifiyarsa ce a ƙuryar ɗakin nan, da wani lissafin zai yi. Tsohuwar ta rayu. Ɗanta ya zo ta'aziyya, ya zauna a bakin tabarma ya kasa cewa komai, ya tashi ya tafi, washegari ya dawo ya sake zama.

Ranar sadakar uku na ja direban gefe. Na ce, "Yallaɓai, tabon nan na girar marigayi, a ina ya same shi?" Ya ce jifa ce. Na ce a wace gobarar? Ya dube ni ya yi wani murmushi mara daɗi. Ya ce, "Malam, wacce daga ciki?" Ya nuna mini nasa a ƙeya, ya ce shi kansa ba zai iya tuna unguwar da aka yi masa ba. Na ambaci Fagge, na ambaci shekarar. Ya yi shiru yana tunani, ya ce zai iya yiwuwa, zai iya yiwuwa kuma ba nan ba ne, a shekarar ba su san dare ba su san rana ba.

Na zaci in na ji ba dutsena ba ne zan samu sauƙi, in kuma nawa ne aƙalla na san wanda nake nema wa gafara. Sai na tashi babu ko ɗaya. In ba shi na fasa wa goshi ba, to akwai wani a garin nan da ke yawo da tabona.

Bayan arba'in na shiga wajen mahaifiyarsa. Matarsa na cikin takaba, don haka a ɗakin tsohuwar na zauna, a bakin ƙofa. Na kai mata kaftanin, na rage hannun kamar yadda ya ce. Na ce, "Inna, ranar jana'iza an ce wanda marigayi ke bi bashi ya zo. Ni ne ban zo ba." Na gaya mata komai, abin da ko matata ba ta sani ba a lokacin: dutsen gugar da na bari a jone, da ɓarin bulon da na jefa.

Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ba ni ka jefa ba, ba ni da abin da zan yafe a madadinsa. Ranar da ya shigo da jini a fuska na ce ya bar aikin nan, ya ce mini wanda dukiyarsa ke ci ba ya cikin hankalinsa, ba a riƙe shi. Abin da na ji daga bakinsa ke nan. Ka yi masa addu'a, ka yi masa sadaka, ka duba marayunsa in ka samu hali." Na ce in sha Allahu, na fara gyara zama zan tashi, ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

Sai ta ce, "Tsaya. Su maƙwabtan naka da shagunansu suka ƙone, ka gaya musu?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To shi ya tafi. Su suna nan."

Mutum bakwai ne. Na fara da wanda na fi jin sauƙinsa, wani dattijo mai ɗinkin huluna. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya daɗe da zargin haka tunda daga shagona ta tashi, kuma ya yafe tun a daren. Na biyu ya yi kuka, ni ma na yi. Na uku ya zage ni tas a gaban yaransa, ya ce shekara biyu yana biyan bashi, matarsa ta tafi a kan haka, in tashi in ba shi wuri. Na tashi. Na koma bayan wata guda, bai amsa sallamata ba, amma bai kore ni ba, kuma duk ƙarshen wata ina aika masa da abin da ya sawwaƙa, bai taɓa dawo da shi ba. Na huɗu ya rasu, na samu babban ɗansa. Na biyar cewa ya yi in ɗinka wa 'ya'yansa kayan salla shekara uku mu rabu lafiya, saura shekara ɗaya in cika.

Babban ɗan Ofisa yanzu yana zuwa wajena bayan makaranta, na fara koya masa ɗaura maɓalli. Da magariba in za mu tashi, shi nake sa wa ya zare dutsen guga, ni kuma in koma in duba da idona, in taɓa da hannuna. Yana yi mini dariya, irin ta ubansa.

Saura mutum biyu. Ɗaya ya koma Zariya, na samu kwatancen inda yake, ina jiran in haɗa kuɗin mota. Ɗayan yana nan Fagge, ya sake kafa shago ba nisa da inda namu yake. Shi ne wanda ya ba ni aron kuɗin haya lokacin da za mu koma Kurna, yana cewa ai jarrabawar tare ta same mu. Sau huɗu ina zuwa har bakin layinsa. Jiya ma na je, na hango shi yana guga, na sayi zare a shagon kusa na dawo.